Tambayoyin Masu Karatu: Renon Gora da Sayar da Dashenta a Gombe

Tun da ruwan sama ya fara sauka, yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a kan dashen itatuwa suke magana, kuma da dama daga cikinsu gora suka ambata da suna. Na zaɓi biyar, na taƙaita wasu saboda tsawonsu, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaci ne da ya yi ritaya, ina da ɗan fili kusa da Dadin Kowa inda ruwa ba ya yankewa ko da rani. Ina so ni da 'ya'yana maza biyu mu fara renon gora muna sayar wa masu gidaje da makarantu da otal-otal. Wace irin gora ce ta dace da ƙasarmu, a ina zan samo iri, kuma yaya ake yaɗa ta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya albarka a cikin niyyar. Ka riga ka mallaki abin da ya fi komai tsada a wannan sana'a, wato ruwan da ba ya ƙafewa a watannin Maris da Afrilu, domin sauran kayan aikin, leda da taki da rumfa, duk ana iya haɗa su sannu a hankali.

Gora dangin ciyawa ce, 'yar'uwar gero da dawa da rake, kuma rayuwarta tana cikin dunƙulen tushen da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa. Daga wannan tushe sabon kara yake ɓullowa da damina, ya kai iyakar tsayinsa cikin 'yan watanni, daga nan ba ya ƙara tsawo ko kauri, sai dai ya yi ta ƙara tauri har shekara 3 zuwa 4. Saboda haka idan mai saye ya tsaya yana yaba koren ganye, kai ka san cewa abin da kake sayar masa a zahiri shi ne tushen da ke cikin ledar, kuma shi ne zai sa a dawo gare ka ko a guje ka.

Iri biyu nake ba ka shawara ka fara da su. Na farko ita ce gorarmu ta gida, wadda masana ke kira Oxytenanthera abyssinica, irin wadda ake yin sanda da ita. Karanta kusan a cike yake ba rami sosai, tana jure fari da ƙasa mara ƙarfi, tana zubar da ganye idan rani ya tsananta, sannan ta farfaɗo da ruwan farko. Ita ce ta dace da shingen gona da gefen kwari da duk wurin da ba za a riƙa ban ruwa ba. Na biyu ita ce Bambusa vulgaris, wadda ta cika kudancin ƙasar nan, kuma tana da nau'i mai ruwan ɗorawa da ratsin kore wanda masu gidaje suka fi so don ado. Wannan tana son ruwa, tana girma ƙwarai, har takan wuce mita 10, kuma duk wanda ya dasa ta a Gombe ba tare da shirin ban ruwa da rani ba, to ya sayi ɓacin rai ne kawai. Dukansu biyu a dunƙule suke girma wuri guda. Akwai wasu nau'o'in na ƙasashe masu sanyi, irin su Sin da Japan, waɗanda tushensu ke gudu a ƙarƙashin ƙasa ya ɓulla a gidan maƙwabci. Waɗannan ba su da wurin zama a gandunka, ko da an kawo maka su kyauta.

Mai ruwan ɗorawar ita ce mai sauƙin yaɗawa. A nemi kara lafiyayye mai shekara 1 zuwa 2, a yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da gaɓa biyu, a rage rassan a bar musu ɗan guntu ba tare da an ƙuje idon da ke jikin gaɓar ba. A huda tsakanin gaɓoɓin biyu, a cika ramin da ruwa, a toshe, sannan a kwantar da gunduwar a cikin kunya mai yashi a rufe ta da ƙasa kaɗan, kamar dai yadda ake dasa rake. Cikin makonni kaɗan za ka ga tsiro, kuma a nan ne sababbin shiga ke yin kuskure, domin ganye yana riga saiwa fitowa, gunduwar tana ciyar da shi ne daga abincin da ta ajiye. Wanda ya yi gaggawar cirewa ya sa a leda ya kai bakin titi, zai sayar da abin da zai bushe cikin kwana goma. A bar ta wata 2 zuwa 3 har saiwa ta kama, a mayar da ita leda, a ƙara mata wasu watannin a inuwa.

Gorar gida kuwa ba ta cika kamawa ta hanyar gunduwa ba. Hanyar da ta fi tabbas ita ce a farkon damina a haƙa gefen uwar gorar da diga, a datse wani ɓangare na tushen tare da karansa, a gajarta karan zuwa kamar mita 1, a naɗe tushen da jiƙaƙƙen buhu, a dasa shi a ranar. Aiki ne mai nauyi, kuma uwa ɗaya ba ta ba da 'ya'ya da yawa a shekara ba tare da ta raunana ba. Idan aka yi dace aka samu ƙwayar irinta, sai a shuka nan da nan, domin ba ta daɗewa take mutuwa a ajiye. Bayan 'yan watanni, idan kowane tsiro ya yi kara huɗu ko biyar, ana iya raba shi gida biyu ko uku, kowane da tushensa, a sake renonsu, a sake rabawa. Da wannan dabara ɗan iri kaɗan yake cika gandu.

Akwai wani hali na gorar gida da ya kamata ka sani tun yanzu. Bayan shekaru masu yawa takan yi fure, ta zubar da iri, sannan ta mutu, kuma duk wadda aka ɓallo daga tushenta tana ɗauke da shekarun uwar, don haka sukan yi fure su mutu kusan lokaci guda. Kada ka ɗauko dukan iyayen gorarka daga kurmi ɗaya, kuma idan ka ga uwa ta fara fure, ka daina sayar da 'ya'yanta, ka jira irin.

Game da inda za ka samo, ka fara da Kwalejin Tarayya ta Koyar da Aikin Lambu da ke nan Dadin Kowa kusa da kai, ka nemi shawarar malamanta, sannan ka tuntuɓi sashen gandun daji na jiha. Masu sayar da furanni a Jos da Abuja sukan samu mai ruwan ɗorawar. Kada ka aika yara su haƙo daga dajin gwamnati ba da izinin malaman daji ba, kuma idan wani ya tallata maka iri daga ƙasar waje ta intanet, ka sani cewa shigo da tsirrai yana bukatar takardar izini daga hukumar killace kayan gona ta ƙasa. A shekarar farko ka mai da hankali ga dasa iyaye a gefen filinka, da tazarar kamar mita 5 tsakaninsu, ka kewaye su da shinge saboda awaki, waɗanda ke son ganyen gora ƙwarai. Ciniki na gaske sai wajen shekara ta 3.

Tambaya: Malam, ni matar aure ce a unguwar Federal Low Cost, Gombe. Na sayi gora mai ruwan ɗorawa guda shida don in jera su a jikin katanga su kare mu daga rana da ƙurar hunturu. Maigida ya ce za su fasa katangar, kuma za su tara mana macizai. Har yanzu suna cikin leda. Wane ne mai gaskiya a cikinmu?

Amsa: Hajiya, kowannenku yana da rabonsa na gaskiya, amma a batun katanga maigida ya fi ki hujja. Saiwar gora siririya ce, ba ta nutsawa can ƙasa, kuma ba ta da ƙarfin ɗaga gini irin na wasu manyan itatuwa. Sai dai dunƙulen yana faɗaɗa kowace damina, sabon kara yana fitowa daga waje, kuma idan aka dasa shi manne da katanga, bayan wasu shekaru zai matse ta, ya ɗaga daɓen tsakar gida, karan kuma su riƙa gugar kwano da wayar wuta idan iska ta taso. Ki ba da tazarar aƙalla mita 2 daga katanga, ki nisanta su daga sokawe da bututun ruwa, domin saiwar tana bin laima. Idan tsakar gidan ba ta da wannan faɗi, guda shida sun yi yawa. Ki dasa biyu a kusurwa, ko kuma ki sa birkila ya gina musu akwati mai ramukan fitar ruwa a ƙasa, wanda zai taƙaita girmansu, sauran ki mayar wa mai gandun ya musanya miki da wani abu. Da ya tambaye ki faɗin gidanki kafin ya karɓi kuɗi, da ba a kai ga wannan gardama ba, kuma ina fata masu wannan sana'a da ke karanta mu za su riƙa yin tambayar.

Batun maciji kuwa ba abin raini ba ne a jihar da ke da asibitin masu saran maciji a Kaltungo, inda kububuwa ta addabi manoma shekara da shekaru. Amma ita gorar ba ta kiran maciji. Abin da ke kawo shi shi ne tarin busasshen ganye da duhu da ɓeraye. Ki sa a riƙa sare rassan ƙasa har zuwa tsayin ƙirjin mutum don a riƙa ganin gindin tsaf, a cire tsofaffin kara da rani, a bar ganyen da ya zuba ya zama siririn rufi kawai a kan ƙasa, sauran a kwashe, kuma kada a jibge itace ko bulo a kusa.

Ki haƙa rami mai faɗi da zurfin kamar santimita 60, ki gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen takin shanu, kada ki sa ɗanye domin yana jawo gara. Idan kika ga ganyen ya nannaɗe da rana kuma bai buɗe ba da yamma, ƙishi ne. Ranin farko shi ne jarrabawar, idan suka tsallake shi, wahalar ta ragu sosai.

Tambaya: Malam, wani ya sayar mini da ƙaramar gora a cikin kwalba da ruwa, ya ce idan na dasa ta a waje za ta zama babba. Na dasa, ta ƙone. Daga ɗalibi a Tudun Wada.

Amsa: Ɗana, abin da aka sayar maka ba gora ba ne. Wani tsiro ne na cikin ɗaki da ake kira Dracaena sanderiana, asalinsa daga dazuzzukan tsakiyar Afirka, gaɓoɓinsa ne kawai suka yi kama da na gora. Inuwa yake so, ba ya jure ranar Gombe, kuma ko ya shekara goma ba zai ba ka sanda ba. Idan gindin bai ruɓe ba, ka mayar da shi tukunya ka ajiye shi kusa da taga.

Tambaya: Malam, mahaifinmu ne ya kafa gandun renon itatuwa a Kumo, yanzu ƙarfinsa ya ragu, ni da yayana da ƙanina muke riƙe da shi. Ni nake kwana kan ban ruwa, yayana ne ke karɓar kuɗi, mahaifiyarmu da ƙannenmu mata suna cika leda da ƙasa ba a ba su komai. Idan na yi magana sai a ce ba ni da kunya. Ina tunanin in ware in kafa nawa.

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yi gaggawar warewa, domin gandun gora ba ya rabuwa cikin sauƙi. Ledojin da ke jere ana iya ƙirga su a raba, amma dukiyar gaske ita ce iyayen da Baba ya dasa shekaru da suka wuce, da rijiyar, da sunan da gidanku ya yi a wurin masu saye. Idan ka fita yau, za ka koma shekarar farko, kuma a gaba za ku riƙa karya wa juna farashi a gari ɗaya.

Tun da Allah ya sa Baba yana raye kuma da hankalinsa, shi ne ya dace ya yanke magana, kuma kai ba za ka tunkari yayanka kai tsaye ba. Ka samu baffanku ko kawunku wanda kowa ke jin nauyinsa, ka roƙe shi ya zaunar da ku a gaban Baba. Abin da za a fitar a zaman shi ne a bambance ladan aiki da ribar dukiya. Wanda ya yi ban ruwa, da wanda ya yi tallace-tallace, da wadda ta cika leda, kowa a yanka masa ladansa, na leda a biya a kan kowace ɗari da aka cika, ko da kuɗin kaɗan ne. Abin da ya rage bayan an cire kuɗin mai da leda da taki da ladan aiki, shi ne riba, kuma wannan na mai gandun ne, wato Baba, shi zai ce yadda za a yi da shi. Ya kuma faɗa a gaban shaidu ko filin da iyayen gorar nasa ne har yanzu, ko ya ba wani kyauta, domin abin da ba a fayyace ba a yau shi ne ke zama rigimar gado gobe, kuma a ranar 'yan'uwanku mata suna da haƙƙinsu a ciki.

Sannan a sayi littafi guda, a riƙa rubuta kowace leda da ta fita da sunan mai saye da abin da ya biya da abin da ya rage. Wanda ke rubutu ya zama daban da wanda ke riƙe kuɗi. Ka gabatar da wannan a matsayin kariya ga yayanka daga zargi, ba tuhuma ba, kuma hakan gaskiya ne. Idan kun daidaita, ku yi wa sana'ar rajistar suna a Hukumar Rajistar Kamfanoni, ku buɗe mata asusun banki nata na kanta wanda mutum biyu ke sa wa hannu. Makarantu da ma'aikatu ba sa son biyan kuɗi cikin asusun mutum ɗaya, don haka rajistar za ta buɗe muku ƙofar cinikin da a yanzu ba ku samu.

Tambaya: Malam, na kai wa wani otal a cikin garin Gombe dashen gora da yawa a watan Nuwamba, na dasa musu, suka biya rabi. Da rani ya yi, fiye da rabin suka mutu, yanzu sun hana ni cikon kuɗina, sun ce kayana ba su da kyau. Kuma wani ɗan kwangila yana neman in ba shi gora mai yawa don aikin hana zaizayar ƙasa, a biya bayan an gama. Me zan yi?

Amsa: Malam, ban ga dashen ba, don haka ba zan ɗora laifi a kan kowa ba, amma watan da ka ambata ya isa ya ba da rabin amsar. Dashen Nuwamba yana faɗawa kai tsaye cikin iskar hunturu mai busar da ganye, daga nan ya shiga zafin bazara, ba tare da ya ga ruwan sama ko sau ɗaya ba. Lokacin dashe a wannan yanki shi ne daga Yuni zuwa farkon Agusta, bayan ruwa ya zauna. Idan mai saye ya dage sai an dasa masa da rani saboda bikin buɗe wuri, to a rubuta a takarda wanda zai yi ban ruwa, sau nawa a mako, da kuma wanda zai ɗauki asara idan ba a yi ba. Ka tambayi kanka kuma ko ka horar da dashen kafin ka kai su, wato ka fito da su daga rumfa sannu-sannu su saba da rana na tsawon makonni, ka kuma riƙa ɗaga ledojin lokaci-lokaci don kada saiwa ta huda ta kama ƙasa. Dashen da aka fizge daga ƙasa ranar lodi, saiwarsa ta tsinke, da wuya ya rayu.

Ka je wurin manajan cikin lalama, ka tona gindin biyu ko uku a gabansa. Idan ƙasar ta bushe ƙayau har ƙasa, rashin ruwa ne. Idan tushen ya yi baƙi yana wari, ruwa ne ya kwanta. Idan kuwa ka tarar ba saiwar kirki tun asali, to daga wurinka ne, sai ka amsa. Sau da yawa za ka tarar wanda ake zaton ya mutu tushensa yana da rai, zai tsiro da damina. Ka yi musu tayin maye gurbin waɗanda suka mutu a watan Yuli a kan su biya cikon, kuma ka ƙara da tayin kula da wurin wata-wata a kan lada. A ganina wannan kulawar ta fi sayar da dashen kanta amfani ga ƙaramin gandu, domin kuɗinta ba ya yankewa da rani.

Batun ɗan kwangila kuma, kasuwar gaskiya ce. Kwaruruka sun daɗe suna cin unguwanni a garin Gombe saboda ƙasar mai yashi ce kuma garin yana kan gangare, gwamnatin jiha ta ƙaddamar da shirin dashen itatuwa na Gombe Goes Green (3G) a 2019, ga kuma shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace na ACReSAL da Bankin Duniya ke tallafawa a jihohin arewa 19 da Abuja. Amma ka faɗa masa gaskiyar abin da gora za ta iya. Saiwarta tana saƙe ƙasar sama ta riƙe ta, ganyenta yana rage ƙarfin saukar ruwa, sai dai ba za ta tsayar da kwari mai zurfi da ke zaftarewa daga ƙasa ba, sai an fara gyara hanyar ruwan da gini. Wurinta shi ne bakin kwarin da gangaren da aka riga aka daidaita, tare da layukan ciyawar jema a tsakani, kuma gorar gida ce ta wannan aiki, ba mai ruwan ɗorawa ba.

Kada ka yarda da biya bayan an gama. Dashe mai yawa sai an yi odarsa wata 6 ko fiye kafin lokacin dasawa, kuma duk tsawon wannan lokaci kai ne ke sayen leda da mai da biyan masu aiki. Ka nemi kafin alƙalami da zai rufe waɗannan, a biya kashi na biyu ranar da aka ƙirga kaya a gandunka kafin a loda, a rubuta adadi da tsayi da nau'i, kowa ya sa hannu a gaban shaidu. Idan ya ce sai an dasa an ga sun rayu, to a shigar da kuɗin shinge da ban ruwa da mai gadi cikin yarjejeniyar, domin a bakin kwari awakin unguwa za su cinye dashen da ba a kare ba kafin damina ta fita. Idan bai amince da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ka sayar masa da iya abin da kake da shi a ƙasa, kuɗi hannu, ya ɗauka da motarsa.